Filin Tambaya da Amsa: Digiri Ɗaya, Rassa Bakwai, Wanne Zan Kama?

Wasiƙun wannan wata kusan duk bakinsu ɗaya. Ɗalibi ya shiga kwas mai faɗi, ya yi shekaru yana ɗanɗana fannoni iri-iri, yanzu an miƙo masa fom an ce ya tsayar da guda. Yawancin masu tambayar 'yan tsangayar noma ne ta Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru, shi ya sa muka fi daɗewa a kansu.

Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a tsangayar noma, muna cikin shekarar aikin gona. An ce kafin mu shiga aji biyar kowa zai zaɓi reshen da zai ƙware a kai. Abokaina duk tattalin arzikin noma suke so, wai shi ne ba shiga rana, kuma ana samun aikin banki da shi. Ni ban san inda na dosa ba. Ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi, Samaru.

Wa alaikumus salam, ɗanmu. Rabin amsarka tana cikin sakamakon da ka riga ka tara. Digirin B.Agric shekara biyar ne: aji ɗaya kimiyyar share fage, aji biyu da uku kowane sashe ya shigo ya koyar da nasa, aji huɗu gona, aji biyar ƙwarewa. Ashe ka riga ka zauna gaban malaman rassan nan bakwai, wato tattalin arzikin noma, faɗakar da manoma, agronomi, kimiyyar tsirrai, kare amfanin gona, kimiyyar ƙasa da kimiyyar dabbobi, kowannensu kuma ya ba ka maki.

Buga sakamakonka na aji biyu da uku. Ware darussan sashe-sashe, haruffan da ke gaban lambar darasi za su nuna maka mai shi. Ka ba A maki 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F sifiri, ka ninka kowane maki da yunit ɗin darasin, ka tara, ka raba da jimillar yunit na wannan sashe. Za ka fito da lambobi bakwai. In tazarar da ke tsakanin biyu ba ta kai rabin maki ba, ɗauke su daidai. In kuwa wani sashe ya ba ka 4.2 wani ya ba ka 2.5, takarda ta yi magana. Duk darasin da ka taɓa yin kariyoba a kansa, sa masa jan biro, domin a aji biyar yayansa ne zai tare ka.

Sunan reshe yana ɓoye abin da ke cikinsa. Kimiyyar ƙasa kemistiri ce sanye da rigar noma. Kimiyyar tsirrai ilimin gado ne da haɗa iri da yadda tsiro ke aiki a cikinsa. Kare amfanin gona zama ne kan madubin ƙara girma da haddace sunayen ƙwari da cututtuka da Latin. Kimiyyar dabbobi lissafin sinadaran abinci ne da haihuwa da gado. Shi kuwa tattalin arzikin noma da ake gudun rana a fake a cikinsa, lissafi ne da ƙididdiga. Wanda ya sha da ƙyar a darasin ƙididdiga na ƙananan azuzuwa, can zai tarar da ita ta ƙara nauyi, ga manhajar ƙididdiga ta SPSS ko Stata na jiran sa a kwamfuta.

Sai furojet, wato binciken kammala digiri, wanda ɗalibai ba sa sa shi a lissafi sai ya zo musu a wuya. Kowane reshe da irin kuɗin da yake ci da irin lokacin da yake so.

Ɗauki gwajin abincin kaji, wanda ya yawaita a kimiyyar dabbobi. A ce abinci iri huɗu za ka gwada, kowane iri a maimaita shi sau uku, kowane keji kaji goma. Tsaki 120 ke nan. Kazar nama takan ci kusan kilo biyar kafin ta cika mako takwas, wato kilo 600, daidai da buhu 24 mai kilo 25, ko saye ka yi ko kai ka haɗa da masara da waken suya. Ƙara kuɗin tsaki, gawayin ɗumama su a makonnin farko, ɗiɗɗigar katako ta shimfiɗa, rigakafin Gumboro da Lasota. Kullum safe da yamma sai ka auna abin da ka zuba da abin da suka rage, ba Asabar ba Lahadi. Daɗinsa, a ƙarshe kana sayar da kajin ka mayar da wani abu. Haɗarinsa, cuta ta shiga a mako na uku ta kwashe rabi, lissafin ya rushe. Shi ya sa ɗalibai uku ko huɗu sukan haɗa gwaji ɗaya, kowa ya ɗauki ɓangaren da zai rubuta.

Gwajin gona shi kuma damina ce ke mulkinsa. Ruwan Samaru yakan zauna daga wajen Yuni ya ɗauke a Oktoba. Masara mai saurin nuna tana son kwana casa'in da 'yan kai, mai jinkiri har 120. Tun da yajin aikin malamai na 2020 da na 2022 suka karkatar da kalandar jami'o'i, ba kullum zangon karatu ke haɗuwa da damina ba. In aji biyar ya fara bayan ruwa ya ɗauke, ko dai ka yi shukar tun kana aji huɗu, ko ka nemi filin ban ruwa, ko ka koma shuka a tukwane cikin rumfar raga. A fili, gwaji iri shida sau uku fegi 18 ne, kunya da kunya santimita 75, shuka da shuka 25. Abin da ke ɓata shi sananne ne: tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016, ƙuduji, awakin unguwa, da mai satar ɗanyar masara ana saura mako biyu girbi. Fegi uku suka tafi, sakamako ya gurgunce.

A kimiyyar ƙasa za ka haƙo samfur daga sama zuwa santimita 15, wani daga 15 zuwa 30, ka shanya a inuwa, ka daka, ka tankaɗe da rariya mai ido milimita 2. Daga nan kuɗi ya fara fita, don kowane awo, na tsami ko naitirojin ko fosfaras, da kuɗinsa a kan kowane samfur, ga layi a ɗakin gwaji, ga wuta. Masu tattalin arziki da faɗakarwa nasu kuɗin mota ne da buga takardun tambayoyi, ɗari ko fiye, zuwa ƙauyukan Giwa, Soba, Kudan ko Maƙarfi. Shi ya fi araha, shi ne kuma ya fi jawo jarabar zama ƙarƙashin bishiya a cike takardun da hannu ɗaya. Malamin da ya daɗe yana gane wannan tun daga shafi na biyar.

Kafin ka cike fom, je wurin 'yan aji biyar na rassa biyun da suka fi maka. Tambaye su abu uku: ɗalibai nawa ne a hannun malami guda, kwana nawa babi yake yi kafin ya dawo da gyara, kuma nawa suka kashe. Zuwa da kai ya fi aike. Samaru tana da gatan da ba kowace jami'a ke da shi ba: cibiyar binciken noma ta IAR, wadda asalinta ya koma 1922, ita ce ta fitar da irin masara SAMMAZ da na dawa SAMSORG da na gyaɗa SAMNUT da na wake SAMPEA, ga NAERLS ta faɗakarwa, ga NAPRI ta dabbobi a Shika. Malamin da ke da gwaji mai gudana a ɗaya daga cikinsu yakan ɗora ɗalibi a gefen aikinsa, fili da iri da taki duk sun zo da sauƙi.

Fom ɗin yawanci yana da zaɓi na ɗaya, na biyu da na uku. Reshen da aka yi wa rububi yana da iyakar da zai ɗauka, kuma da CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi na duk shekarunsa, ake tacewa. Kada ka cike gurbi na biyu da wasa, mutane da yawa can suke ƙarewa.

Batun banki kuwa, in suna ɗibar sababbin ma'aikata darajar digiri da shekarun haihuwa da jarrabawarsu suka fi dubawa. Mai 2:1 (daraja ta biyu ta sama) a kimiyyar ƙasa yana gaban mai 2:2 (daraja ta biyu ta ƙasa) a tattalin arziki a wannan layi.

Ina da shanu da tumaki a bayan Shika, kuma duk shekara magani yana cin kuɗina. Yarona yana karatun noma, na ce masa lallai ya ɗauki fannin dabbobi don ya zama likitan garken gida. Shi kuma ya ce ba haka abin yake ba. Gardama ce ko gaskiya? Daga wani Alhaji, Tudun Wada.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Yaron ya faɗi gaskiya. Likitan dabbobi digirinsa daban ne, DVM, shekara shida, a tsangayarsa ta daban, kuma majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa ce ke yi masa rajista. Shi ne doka ta ba ikon gano cuta, rubuta magani da yin tiyata. Wanda ya ɗauki kimiyyar dabbobi a cikin digirin noma, hukumarsa NIAS ce, ta masana kimiyyar dabbobi, wadda aka kafa da dokar 2007, kuma ba ya zama likita komai yawan makinsa.

Amma kada ku ɗauka hasara ce. Ciwon huhu da boru da sammore aikin likita ne. Ramar da shanu ke yi daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa, saniyar da ke shekara biyu ba ta haihu ba, ɗan maraƙin da ba ya girma, galibi ciyarwa ce da tsarin kiwo, nan kuwa gonar yaronku ce. Zai san yadda ake haɗa dusa da ƙulin angurya da kowar wake da harawa a kan awo, yadda ake adana ciyawa tun tana ɗanya, wane sa ya kamata a bari a garken Bunaji, wane rago Balami ko Uda ya dace da turka ta wata uku zuwa huɗu kafin Layya. Garken da ya ƙoshi ba ya yawan kiran likita.

Sharaɗi ɗaya: a duba makinsa a darussan dabbobi da na kemistirin jikin halitta. In a can ya fi rauni, tilasta masa zai jawo digiri mai rauni, garken ma bai amfana ba. In kuma akwai ƙaninsa a sakandare mai ƙarfi a bayoloji da kemistiri da fiziks, shi za a nuna wa hanyar likitanci tun daga fom ɗin JAMB.

CGPA ɗina 3.40, ina so in fita da 2:1. An ce akwai reshen da ake rabon A. In bi shi ko da ba na son sa? Daga wata ɗaliba, Kongo.

'Yarmu, bari mu yi lissafi tukuna. Matakin 2:1 yana farawa daga 3.50. A ce kin yi yunit 140 zuwa ƙarshen aji huɗu: 140 sau 3.40, maki 476. A ce aji biyar yunit 35 ne, jimilla 175. Don ki kai 3.50 kina buƙatar 612.5, wato saura maki 137 a cikin yunit 35. In kin ci B a kowane darasi kin sami 140, kin fita da 3.52. In C kika jera, 105 ne, kin sauka 3.32. Sa ainihin lambobinki a gurbin waɗannan ki gani.

Abin da lissafin ya nuna shi ne ba ruwan A kike nema ba, B mai ɗorewa kike nema, kuma kada C ta wuce ɗaya sai da A da za ta rufe ta. Wurin da kika saba cin B tun aji biyu shi ya fi tabbas. Labarin reshe mai rabon maki yawanci labarin malami ɗaya ne ko biyu, kuma malami yana tafiya hutun bincike, yana ritaya, ana canza masa darasi. Ga shi duk wanda ya ji labarin can zai nufa, aji ya cika, malami ɗaya ya riƙe ɗalibai goma sha, babinki ya kwana a tebur.

Ki lura da furojet da semina. Yunit ɗinsu ya fi na darasi guda nauyi, kuma su ne makin da ƙwazonki ke iya juyawa fiye da jarrabawar awa uku. A a furojet mai yunit shida maki 30 ne. Samun ta a kan batun da ba ki ƙauna, wata shida kina kallon sa, da wuya.

Ni matar aure ce da goyo. Ana ce mini mace ba ta da wuri a noma sai faɗakarwa. Haka ne? Daga wata ɗaliba, Sabon Gari.

Malama, ba haka ba ne. Mata suna haɗa iri, suna aikin ɗakin gwajin ƙasa, suna binciken cututtukan tsiro. Abin dubawa a halinki shi ne wane furojet ne zai zauna da goyo. Kiwon kaji yana son ki safe da yamma kwana 56 a jere. Gwajin fili yana son sammako ranakun awo. Aikin ɗakin gwaji da na tukwane yana da lokaci tsayayye, ana iya tsara shi, sai dai mai ciki ko mai shayarwa ta gaya wa malaminta tun farko in aikin ya haɗa da maganin feshi ko asid mai ƙarfi, a canza mata ɓangare.

In kuma faɗakarwar ce ta kwanta miki, ki shige ta da ƙarfinki, domin kina da abin da namiji ba shi da shi: kina shiga cikin gida. Matan kulle su ke kiwon awaki da kaji, su ke matsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli, su ke turara shinkafa, amma mai tambaya namiji a zaure yake tsayawa ya ji ta bakin maigida. Ƙungiyoyin raya karkara suna neman macen da ta iya Hausa, ta iya tattara bayanai a waya, ta iya rubuta rahoto. Ki koyi ukun kafin ki gama.

Ina karatun koyar da haɗaɗɗiyar kimiyya, mai bayoloji da kemistiri da fiziks a haɗe. Ina so in yi digiri na biyu a kemistiri zalla. Zai yiwu? Daga wani malamin firamare mai ƙaro karatu, Gyallesu.

Malam, a san inda aka tsaya tukuna. An gina wannan kwas ne don samar da malamin kimiyya na ƙaramar sakandare, shi ya sa yake da faɗi ba zurfi. Ƙofar da take buɗe maka kai tsaye ita ce digiri na biyu a ilimin koyar da kimiyya. Sashen kemistiri zalla kuwa, idan ya karɓi takardunka, jerin darussan da ka yi zai ƙirga: yunit nawa na kemistiri, a wane aji, akwai na aji uku da huɗu ko duk na share fage ne. Yawanci ba sa isa, sai a ce ka fara yin PGD, wato difloma ta bayan digiri, shekara guda ke nan kafin digiri na biyun.

Abin da ke hannunka yanzu shi ne darussan zaɓi. Kada ka warwatsa su, ɗaya a nan ɗaya a can don neman maki. Tara su duka a kemistiri, ka tabbatar ka yi na ƙasa kafin na sama, don darasin aji uku yakan nemi shaidar ka ci na aji biyu. Lokacin koyarwar gwaji ka roƙi makarantar ta ba ka aji ɗaya na kemistiri a babbar sakandare ban da na ƙananan. Furojet ɗinka ma ya zama a kan koyar da wani batu na kemistiri. Wannan ba zai sauya sunan digirin ba, amma shugaban makarantar da ke neman malamin kemistiri zai ga abin kamawa. Rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, kuwa digirinka na ilimi ya ishe ka neman ta.

In na shiga reshe na ga bai yi mini ba, zan iya canzawa? Kuma ƙanena zai cike JAMB bana, an ce an raba kwas ɗin noma gida-gida. Daga wani ɗalibi, Palladan.

Canji yana yiwuwa ne a 'yan makonnin farko da ake buɗe damar ƙara darasi ko sauke shi, da sa hannun shugabannin sassan biyu. Bayan nan tsada gare shi. Darussan dole na aji biyar sau ɗaya ake yin su a shekara, kuma ba a wuce yunit 24 a zango. Wanda ya canza a zango na biyu sai ya dawo baɗi ya yi na zangon farko, shekara ta ƙaru, da kuɗin rajista da na ɗaki. In shekarunka sun kusa 30 ka sa wannan a sikeli, domin wanda ya haura 30 lokacin kammalawa takardar yafewa NYSC ke ba shi maimakon kiran bautar ƙasa.

Batun ƙanenka, a Disamba 2022 hukumar jami'o'i ta NUC ta fito da sabon tsarin manhaja, CCMAS, inda ita ke tsara kashi 70 cikin ɗari, jami'a ta cike 30. A ciki an ware tattalin arzikin noma da kimiyyar dabbobi da ta amfanin gona da ta ƙasa su zama digiri masu zaman kansu, kamar yadda aka rarraba kwas ɗin aikin jarida. Da sababbin shiga aka fara aiki da shi, kuma kowace jami'a da waɗanda ta buɗe. Ya duba kundin JAMB na bana ya ga ainihin sunan da jami'ar da yake so ta sa, harafi da harafi. In ya tashi a gidan kaji ko gidan kiwo kuma ya san abin da yake so, ya shiga warerren kai tsaye. In bai taɓa riƙe fartanya ba, sha'awa ce kawai, mai faɗin ya fi masa, ya yi shekarar gona ya ga ko hannunsa na jure kunya ko keji kafin a miƙo masa fom.